Yadda ake kula da ruwan pisin a gida da hana gansakuka

Gansakuka ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganin ƙwayarsu ɗaya, sai sun taru sun rina ruwa ya koma kore. Iska da ƙura da ruwan sama ne ke kawo su cikin pisin, wato wurin ninƙaya. Abu uku suke bukata su hayayyafa: rana, ɗumi, da ruwan da kulor ya yi ƙaranci a cikinsa. A Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda zafi kan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ruwa mai haske kan iya zama kore cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka yi sakaci.

Illar ta wuce munin gani. Gansakuka na sa bene da matakala santsi, tana cinye kulor ɗin da ya kamata ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan yaro ya faɗa cikin koren ruwa ba a hango shi a ƙasa. Pisin da aka bari babu magani babu motsi yakan zama maƙyanƙyasar sauro, ga shi kuwa zazzaɓin cizon sauro na ƙaruwa da damina.

Ire-iren gansakuka

Koriya ita ce aka fi gani, tana yawo cikin ruwa, kuma ta fi saurin mutuwa. Rawaya takan kwanta a gefen da inuwa take, ta yi kama da ƙurar hunturu. Idan aka goge ta kuma ta dawo wuri guda bayan kwana ɗaya ko biyu, to gansakuka ce. Baƙa takan fito ɗigo-ɗigo a tsakanin tayil ko cikin tsagar siminti, tana da ɓawo mai tauri da ke kare ta daga kulor, don haka sai an kankare ta da buroshi mai ƙarfi.

Ma'auni biyu da za a riƙe

Na farko shi ne kulor: a riƙe shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Na biyu shi ne pH, ma'aunin tsamin ruwa: a riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.6. Idan pH ya kai 8, yawancin kulor ɗin da ke cikin ruwa ba ya aiki, ko da an zuba da yawa. Shi ya sa ake fara gyara pH kafin a ƙara kulor. Ana auna su biyun da ƴan takardun gwaji da ake tsomawa ko da ruwan ɗigawa. Da bazara a auna kullum, da hunturu sau biyu ko uku a mako.

Rana tana ƙone kulor cikin ƴan awoyi. Don haka dunƙulallen kulor mai narkewa a hankali, wanda ake rubuta “galets” a kan robarsa, yake zuwa da sinadarin kariya daga rana. Amfaninsa na tsakanin miligiram 30 zuwa 50 a lita. Sai dai wannan sinadari ba ya bin tururi. Ruwa na ƙafewa, ana cikawa, shi kuwa yana taruwa, har ya daƙile ƙarfin kulor. Idan ya wuce 75 ko 80, mafita ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a zuba sabo.

Pompo da matacin rairayi

Magani ba ya isa ko'ina sai ruwa na juyawa. Ƙa'idar da masu pisin ke bi ita ce a raba zafin ruwa gida biyu, abin da ya fito shi ne awoyin da pompo zai yi aiki a yini. Ruwa mai digiri 30 na son aƙalla awa 15, kuma yawancinsu da rana, lokacin da gansakuka ke girma. Idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci, a ƙara kulor da hannu, a motsa ruwan da buroshi, a rama awoyin da wuta ta dawo.

Matacin rairayi yana da agogon matsi. Idan allurar ta haura da kamar bar 0.3 zuwa 0.5 a kan inda take bayan wanki, a juya ruwa baya a wanke shi. Rairayin kansa akan sake shi bayan kimanin shekara biyar. Kullum a kwashe ganye da raga, a zubar da dattin kwandon pompo. Sau ɗaya a mako a goge bango, lunguna da bayan tsani. Bayan guguwa ko ruwan sama mai ƙarfi a auna ruwan nan take. Rufe pisin da tanti idan ba a amfani da shi na rage ƙura da ƙafewar ruwa.

Idan ruwa ya riga ya zama kore

A fara da sanin yawan ruwan: tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi. Pisin mai mita 8 da mita 4, zurfi mita 1.5, yana ɗaukar lita 48,000. A goge bango da ƙasa, a sauko da pH zuwa 7.2, sannan da yamma bayan rana ta faɗi a zuba kulor mai yawa lokaci guda, har ya kai kamar miligiram 10 a lita. Da garin kulor mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, giram 15 ake sa wa kowace lita 1,000, wato giram 720 ga pisin ɗin da aka ambata. A bar pompo ya yi ta aiki dare da rana, a wanke mataci, a zuƙe matacciyar gansakuka da ta kwanta a ƙasa. Idan kore bai washe ba, a maimaita. Kada kowa ya shiga sai ana ganin ƙasan pisin sarai kuma kulor ya sauko zuwa 3.

Hattara da magunguna

Kada a haɗa kulor da maganin rage pH a mazubi guda, domin suna fitar da iska mai guba. Kada a cuɗa garin kulor da dunƙulallen, suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Magani ake zubawa cikin bokitin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A sa safar hannu, a ajiye su a inuwa, a ɗakin da ke da iska kuma a kulle. Inda akwai ƙananan yara, a kewaye pisin da shinge mai ƙofar da ke rufuwa, kuma kada a bar su kusa da ruwa babu babba a tsaye.