Rumbun Haya: Yadda Ajiya a Intanet Ta Tashi Daga Kyauta Ta Koma Ciniki

A ranar 4 ga Yulin 1996 wasu matasa biyu a jihar Kaliforniya ta Amurka, Sabeer Bhatia da Jack Smith, suka buɗe Hotmail, suka ce duk mai so ya zo ya karɓi akwatin imel kyauta. Girman akwatin megabait 2 ne kacal. Wanda bai san ma'aunin ba, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoto ɗaya. Da wuya hoton nan ya shiga akwatin ko da babu komai a ciki. Duk da haka jama'a suka yi tururuwa, har Microsoft ta saye kamfanin a ƙarshen 1997 a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 400.

Waɗanda suka yi zaman kafe a Kano ko Kaduna ko Yamai a farkon shekarun 2000 ba za su manta da ƙuncin akwatin nan ba. Mutum ya yanki tikitin awa ɗaya, ya zauna jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran ruwan famfo, sannan kafin ya karanta wasiƙa ɗaya sai ya fara da shara. Ya goge tallace-tallace, ya goge saƙonnin da ake ta turawa daga hannu zuwa hannu, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa a kan hoton da ɗan'uwa ya aiko daga Jidda. In akwati ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta samun shiga, komawa take wurin mai ita. In kuma mutum ya yi kwana 30 bai leƙa Hotmail ba, sai ya dawo ya tarar an kwashe masa kaya. Mai son sarari sai ya taɓa aljihu: a 2002 Microsoft na karɓar dala 19.95 a shekara ta ba da megabait 10. A riƙe wannan farashi, za a dawo kansa.

Rowar tana da dalili. Abin da ake kira ajiya a intanet ba a sama yake rataye ba. Kowace wasiƙa tana kwance ne a kan faifai, cikin wani ƙaton gini mai shan wutar lantarki dare da rana, da na'urorin sanyaya wuri, da masu gadi. Faifan kuwa da tsada ya taso. Na farkon da IBM ta fito da shi a 1956 ya kai nauyin tan guda, yana ɗaukar haruffa miliyan 5, kuma hayarsa tare da kwamfutarsa ake yi a kan dubban daloli a wata. Farashi ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, amma kamfanonin imel suka riƙe ma'auninsu na da, domin ƙuncin shi ne ke kawo musu ciniki.

Sai ranar 1 ga Afrilun 2004, ranar da Turawa ke zolayar juna da labaran ƙarya. Google ta ba da sanarwar Gmail, da gigabait 1 kyauta ga kowa, wato ninki 500 na abin da Hotmail ke bayarwa, a lokacin da Yahoo ke ba da megabait 4. Da yawa suka ɗauka wasa ne, har da 'yan jarida. Injiniyan da ya ƙirƙiro shi, Paul Buchheit, ya bayyana daga baya cewa a kan wasu tsofaffin kwamfutoci kimanin 300 da ba wanda ke so aka fara ɗora shi, shi ya sa ba a iya buɗe ƙofa ga kowa ba, sai da gayyata. Ƙarancin ya zama talla. Takardar gayyatar abin da aka ce kyauta ne ta shiga kasuwar eBay, ana sayar da ita sama da dala 100.

Abin da ya fi girman akwatin muhimmanci shi ne ɗabi'ar da ya koyar. Gmail ya zo ne ba tare da madannin gogewa a fili ba. Sai a 2006 aka sa shi inda ido zai gani. Saƙon a bayyane yake: kada ka zubar da komai, ka jibge, in ka buƙata ka bincika. A madadin haka manhajar Google na karanta wasiƙu tana liƙa tallan da ya dace da abin da ke ciki, abin da ya tayar da ƙura har wata 'yar majalisar dattawan Kaliforniya, Liz Figueroa, ta kai ƙudiri a kansa. Sai a 2017 kamfanin ya daina wannan karatu don talla. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Daga nan gasa ta ɓarke. Cikin watanni Yahoo ta ɗaga zuwa megabait 100, Hotmail zuwa 250. Da Gmail ya shekara sai Google ta ninka zuwa gigabait 2, ta kuma sa wata lamba a shafin shiga tana ta hauhawa a gaban idon mutum. A 2007 Yahoo ta ce ita ta cire iyaka baki ɗaya.

A wannan shekara ce wani matashi da ya yi karatu a jami'ar MIT, Drew Houston, ya kafa Dropbox tare da Arash Ferdowsi. Labarin da yake bayarwa shi ne ya hau motar haya daga Boston zuwa New York da niyyar yin aiki a hanya, sai ya tuna ya bar filashinsa a gida. Dropbox ya fito a 2008 da gigabait 2 kyauta, da dabara irin ta 'yan kasuwa: kawo abokinka a ƙara maka fili, shi ma a ƙara masa. Apple ta biyo da iCloud a 2011 da gigabait 5, Google Drive ya zo a Afrilun 2012, kuma a 2013 Google ta haɗe imel da fayiloli da hotuna cikin rumbu guda mai gigabait 15. A Maris na 2014 ta karya farashi: terabait 1 ya sauko daga dala 49.99 a wata zuwa 9.99, gigabait 100 daga 4.99 zuwa 1.99.

Shekarun 2013 zuwa 2015 su ne kakar alkawari. Flickr ya ba kowa terabait 1 na hotuna kyauta. Microsoft ta ce masu biyan kuɗin Office 365 su zuba iya son ransu a OneDrive. Amazon ta ce a biya dala 59.99 a shekara, babu iyaka. Google Photos ya fito a Mayun 2015 da alkawarin karɓar hotuna komai yawansu, kyauta, muddin an yarda a ɗan matse su. Babu ɗaya daga cikin alkawuran nan huɗu da ke raye a yau.

Microsoft ce ta fara janyewa, a Nuwamban 2015, shekara ɗaya kacal bayan alkawarin. Hujjarta ita ce wasu 'yan tsiraru sun jibge fina-finai da abin da ke cikin kwamfutocinsu har sama da terabait 75 ga mutum ɗaya. Abin tambaya a nan shi ne, wanda aka ce wa ya ci iya cikinsa, ta ina ya zama mai laifi don ya zo da babban ciki? Kuma horon bai tsaya kan masu haɗamar ba: har masu asusun kyauta, da ba su san hawa ba balle sauka, aka rage musu daga gigabait 15 zuwa 5. Amazon ta soke nata a 2017, ta kuma rufe Amazon Drive ɗungurungum a ƙarshen 2023. Flickr, bayan kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018, ya ce mai asusun kyauta hoto 1,000 kawai zai ajiye, abin da ya haura za a fara gogewa daga tsofaffi. Google ta fi kowa daɗewa. Sai da ta tara hotuna sama da tiriliyan 4, ana ƙara mata biliyan 28 kowane mako bisa ƙididdigarta, sannan ta ce daga 1 ga Yunin 2021 duk sabon hoto zai ci daga cikin gigabait 15 ɗin nan. Yahoo, wadda ta koma terabait 1 a 2013, ta zaftare shi zuwa gigabait 20 a 2025.

Akwai kuma waɗanda ba a ba su ko notis ba. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin ajiya na Megaupload bisa zargin satar fasaha, aka kama mai shi, Kim Dotcom, a New Zealand. Cikin masu ajiya akwai waɗanda kayansu halal ne, sun kuma biya kuɗi, amma aka garƙame rumbun da kayansu a ciki.

Yanzu a koma kan dala 19.95 ɗin nan ta 2002. Kusan wannan kuɗin, dala 19.99 a shekara, yana sayen gigabait 100 a Google One, tsarin ajiyar Google na kuɗi, wato ninki 10,000 na megabait 10 ɗin da Hotmail ke bayarwa a lokacin. A takarda babu arahar da ta kai wannan. Sai dai sauƙin ya daɗe da tsayawa cak. Dala 1.99 ta gigabait 100 tun 2014 take nan. Gigabait 15 na Google tun 2013 ne, gigabait 5 na Apple tun zamanin iPhone 4S. Kaya ne suka yi ta kumbura: minti ɗaya na bidiyo mai inganci sosai a wayar iPhone yana cin kusan megabait 400, wato kyautar Apple ba ta kai kwata na awa ba. Sannan matakan farashin an jera su da wayo. A iCloud daga gigabait 200 sai tsalle zuwa terabait 2, babu komai a tsakani, don haka mai buƙatar 250 dole ya kama hayar gida mai ɗaki goma alhali ɗaki biyu yake nema. Ga wanda fayilolinsa na sana'a ne, mai ɗaukar hoton biki ko mai zanen gini, kuɗin ya halatta, domin faifan hannu yana faɗuwa, ana sace shi, wutar lantarki tana ƙona shi. Ga wanda tarkacen zaurukan WhatsApp ne suka cika masa rumbu, haya yake biya wa shara.

WhatsApp ɗin ne ma ya kawo maganar har ƙofar gida. Daga 2018 ajiyar hirarrakinsa a wayoyin Android ba ta shiga lissafin Google, amma daga ƙarshen 2023 aka fara ƙirga ta. Hakan ya faɗo daidai lokacin da naira ta zube, kuma a wancan lokacin bankunan Najeriya da dama sun hana katin naira biyan kuɗi a waje, ta yadda ko mai niyyar biya sai ya sha zagaye. Da yake rumbun ɗaya ne, in bidiyon kamu da na walima suka cika shi, Gmail ma tsayawa yake, ba shiga ba fita. Ɗalibin da ke jiran wasiƙar gurbin karatu ko tela mai jiran odar kaya daga waje sai ya ga shiru, bai san ƙofa ce a rufe ba.

Sai a ga mutum a bakin shago bayan la'asar, ya sunkuyar da kai kan waya, jan layi ya bayyana a saman allo. Yana jera fayiloli daga mafi girma, yana goge wa'azin da aka turo masa sau huɗu daga zauruka huɗu, ya zo kan bidiyon sunan 'yarsa ya tsallake. Ya goge gigabait 2 cur, ya koma ya duba, jan layin na nan bai motsa ba. Yaron da ke sayar da memori da caja a gefe ne ya leƙo ya ce, "Yallabai, ai suna cikin kwandon shara, can ma lissafi ake. Ko ka zazzage shi da hannunka, ko ka jira kwana 30."