Makarantar Boko da Lafiyar Gida a Zangon Kumasi

Jama'a, tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suke da makarantun allo, amma sun guji boko, don yawancin makarantun na Mishan ne, suna tsoron a raba yaro da addininsa. Tsoron nan yana da dalili, sai dai ya jawo mana hasara.

A shekarar 1924 annobar ɓeraye ta faɗa wa Kumasi, Gwamnati ta rushe gidaje, ta gina sabuwar unguwar zango. A zamanin nan kaɗan ne cikinmu ke iya karanta sanarwar likita ko takardar duba-gari, sai ta bakin tafinta.

A 1952 Gwamnatin Nkrumah ta soke kuɗin makarantar firamare, dokar 1961 kuwa ta mai da karatun tilas. Duk da haka iyaye da yawa sun noƙe, har 1987, lokacin da aka kafa sashen makarantun Islamiyya a ma'aikatar ilmi, watau Larabci da boko a aji ɗaya. A 2005 aka soma ciyar da yara a waɗansu makarantu.

To, ribar a gida ake ganinta. Yarinyar da ta yi karatu, in ta zama uwa, ita ke karanta katin awon jariri, ta san ranar rigakafi, ta auna magani daidai. Saboda haka kada talla ta hana mu rubuta sunayen 'ya'yanmu mata. Allah ya sa mu gane, amin.