Daga Yamai zuwa Jidda: da ƙafa, da jirgi

Tsakanin Yamai da Jidda akwai wajen kilomita 4.000 in an miƙe ta sama. Jirgi kan cinye su cikin kamar awa 6.

Kakanninmu kuwa da ƙafa da jaki suka bi hanyar gabas: Damagaram, Barno, Abeshe ta Wadai, Fashir ta Darfur, Hartum, sai Sawakin inda ake ƙetare Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare, a yada zango a yi noma ko ƙwadago. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru.

A 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan. Maniyyata da yawa suka tsaya tsinkar kaɗa, wasu suka yi aure suka zauna. Jikokinsu na can suna jin Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Niyala a 1959, ya rage wahala, daga baya jirgin sama ya gaje hanyar.

Kusan kowace zuriya tana da wanda ya yi gabas bai komo ba. Dattijai, ku faɗa mana sunayensu mu rubuta, tun masu sani na da rai.