Kantin Ba'indiye da Mai Saye: Daga Afirka ta Gabas zuwa Ingila

A tsakanin 1896 da 1901 ne Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa gaɓar Tafkin Biktoriya, da ƙarfin leburori wajen 32,000 da aka kwaso daga Indiya. Galibinsu sun koma gida, waɗanda suka zauna ba su kai 7,000 ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauka, yadda aka saba, cewa 'yan tiredar Indiya na Kenya da Uganda jikokin leburorin nan ne. Akasarinsu mutanen Gujarat ne da Kach, waɗanda suka tsallako teku don kansu, suka bi sawun manyan fatake irin su Allidina Visram, wanda ya sauka Zanzibar yana yaro a 1863, ya rasu a 1916 bayan shagunansa sun bazu daga bakin teku har cikin Uganda.

Shagon nan shi ake kira duka a harshen Suwahili, mai shi kuwa dukawala. Ɗaki ne na kwano, kanti a gaba, iyali a baya. Tun da yake mai kanti a nan yake kwana, babu lokacin rufewa: wanda kananzir ya ƙare masa da tsakar dare yana iya ƙwanƙwasa ƙofa. Yakan sayar da abin da kamfanin Bature ba zai waiwaya ba, watau sukari cokali guda, allura ɗaya, gishirin kwabo. Yakan koyi Suwahili ko Luganda, ya san sunan mai saye da yawan iyalinsa. Amma ginshiƙin al'amarin shi ne littafin bashi. Manomin auduga yakan ɗauki yadi da fartanya da fitila tun da damina, ya biya da kaka. Shi kansa mai kantin bashi ya ɗauko kayan daga babban dila na Mombasa, wanda sau da yawa ɗan'uwansa ne ko ɗan garinsu. Amana ce aka ƙulla daga bakin teku har ƙauye, a zamanin da banki ba ya kallon talaka.

To, me ya sa mutumin da ya yi wannan hidima bai sami ƙaunar masu sayensa ba? Littafin da ya ceci manomi da damina shi ne ya ɗaure shi da kaka, domin wanda ya ba shi bashi shi ne mai awon amfaninsa, shi ne kuma mai rubutu. Koke-koken da aka riƙa yi ba su wuce zargin tauye ma'auni ba, da farashin da ke sauyawa bisa ga fuskar mai saye, da barin baƙar fata a tsaye in Bature ya shigo, da hana yaron kanti ya wuce matsayin ɗan dako. Ba kowane mai kanti ne ya aikata haka ba, sai dai tsarin mulkin mallaka ya ajiye shi a tsakiya: an hana shi gonakin tuddan Kenya, an bar masa ciniki, ya zama shi ne fuskar da talaka ke gani kullum in kaya sun yi tsada. Wanda ya san zaman Kwarori da manoman gyaɗa a Kano ba zai ji abin baƙo ba.

Fushin ya fito fili. A tarzomar Buganda ta 1949 an nemi a bar 'yan ƙasa su gurje audugarsu da kansu, a 1959 kuma aka ƙaurace wa kantunan baƙi. Kenya ta kafa dokar lasin ciniki a 1967, ta taƙaita wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba wuraren da za su yi tireda. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su fice. Aka raba kantunan ga sojoji da 'yan barandansu. Kayan da ke kan kanta suka ƙare, ba a san inda ake saro wasu ba, sabulu da gishiri da sukari suka koma kasuwar bayan fage. An gaji ginin, ba a gaji dilan Mombasa ba.

Kimanin mutum 28,000 suka nufi Ingila. Majalisar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana ba su shawarar kada su zo. Suka zo, da yawa suka kama ƙananan kantunan unguwa waɗanda Turawa ke bari. Dabarar ba ta sake ba: iyali su ne ma'aikata, ana buɗewa tun asuba don jarida da madara, ana kaiwa dare, har da Lahadi, lokacin da manyan kantuna ke rufe. Abin da ya sake shi ne matsayin mai saye. A nan farashi a rubuce yake, ma'auni yana ƙarƙashin sufeto, mai saye kuwa in bai gamsu ba sai ya tsallaka titi. Wannan rata ta ragu bayan 1994, sa'ad da doka ta yarje wa manyan kantuna su buɗe ranar Lahadi na sa'a 6, 'ya'yan masu kantin kuma da yawa sun riga sun zama likitoci da akantoci da masu haɗa magani, ba su koma bayan kanta ba.