Aikin Tsayar Da Haihuwar Maza Da Tsoron Fiɗiya

Duk sanda aka tayar da zancen tsarin iyali mu ake kallo: ke ce mai haɗiyar ƙwaya, ke ce mai karɓar allura. Alhali maza ma suna da nasu aikin, wanda likitoci ke kira basektomi. Amma a nan Dole Kaina, har zuwa Lolo da Bagudo, ki ambata wa namiji shi ki sha kallo. Cewa zai yi, "Ni za a yi wa fiɗiya kamar taure?"

Ni dai ban ga laifinsu sosai ba, don tsoron yana da asali. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina babanni 40 da goro 10,000, kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya ba babanni sarauta a fadarsa. Babannin nan kuwa bayi ne da aka dandaƙe, ga muƙami amma babu zuriya. Wane namiji zai so a haɗa shi da wannan?

To amma aikin likita daban ne. Ba a cire masa komai. Siririyar jijiyar da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina ake yankewa a ɗaure, cikin kamar minti 20. Sha'awarsa da ƙarfinsa suna nan. Sai dai aikin ba ya kankama sai bayan kamar wata uku, kuma mayar da shi yadda yake akwai wuya ƙwarai.

Abin da ya ƙara ɓata masa suna shi ne tilas. A 1899 wani likita, Harry Sharp, ya fara yi wa fursunoni shi a jihar Indiyana ta Amurka. A Indiya kuma, zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi (1975-1977), an yi wa miliyoyin mutane, galibi talakawan ƙauye, wasu kamo su aka yi. Ai kuwa ta faɗi zaɓen 1977.

A Najeriya, manufar gwamnatin Babangida ta 1988 cewa ta yi 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Kin ji, mace! Ba a ƙirga wa mai mata huɗu nasa ba. A shekarar ce kuma majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta haramta yanke haihuwa kwata-kwata ga namiji ko mace sai da larura, ta halatta tazara in ma'aurata sun yarda.

Larurar nan ce ta shafe mu. In likita ya ce wani cikin zai iya kashe ki, ɗaure taki hanyar sai an shiga cikinki, nasa kuwa a ƙarƙashin fata yake. Duk da haka, mazan da suka yi shi a ƙasar nan ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.