Hujjar "Zamaninsu Ne" da Gidan Magajiya a Ƙagaggen Labari

Duk marubucin da ya ƙuduri niyyar ƙaga labari a kan Maraɗi ta zamanin gyaɗa, wato shekarun da suka biyo bayan ambaliyar 1945 wadda ta sa aka ta da garin daga kwari aka mai da shi kan tudu, ba makawa alƙalaminsa ya bi ta ƙofar gidan Magajiya, domin a nan fatake da direbobi da makaɗa da tsofaffin sojan Faransa suke haɗuwa bayan isha'i, a nan kuma yarinyar da ta gudo daga wani gari na ƙasar Gobir, Cadakori ne ko Gidan Rumji, take samun tabarmar kwananta na farko. A bakin ƙofar nan mas'ala take tare shi. Shin yana da ikon ya kira abin da ake yi a ciki zalunci, ko kuwa dole ya kame bakinsa, bisa hujjar masu cewa kowace al'umma da ma'auninta, kowane zamani da nasa mizanin, kuma na yau ba shi da hurumin yi wa na jiya alƙalanci?

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba, wajibi ne a ba su haƙƙinsu. A masarautar Katsinar Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tibiri ta Gobir akwai ta Inna, kuma mai riƙe da wannan sarauta mace ce ta gidan sarauta wadda al'amuran bori da na mata masu zaman kansu suke ƙarƙashin kulawarta, tana raba musu gardama, tana kai kukansu fada. Manazartan da suka zauna da matan nan suka saurare su, irin su Barbara Cooper a Maraɗi, da Renée Pittin a Katsina, da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, sun nuna cewa galibinsu zawarawa ne, kowace da ɗakinta, tana karɓar wanda ta so tana sallamar wanda ta ƙi, da yawansu kuma sukan koma ɗakin aure idan suka sami wanda ya kwanta musu a rai. Wannan ya sha bamban da unguwar Busbir da Faransawa suka gina a Kasablanka cikin shekarun 1920, mai ganuwa da ƙofa guda da masu gadi, inda mace ba ta fita sai da izini. Marubucin da ya kwaso siffar Busbir ya ɗora wa gidan Magajiya ya yi wa tarihi ƙarya, ya kuma tauye wa matan nan abin da suka mallaka na 'yanci, komai ƙanƙantarsa.

Har nan ina tare da su. Inda muka rabu shi ne inda suka ce tun da al'ada ta bambanta, to hukunci ya faɗi. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan muhawara, domin Ash'ariyya da Mu'utazila sun yi ƙarnuka suna jayayya a kan kyau da muni, ko hankali ne yake gano su ko shari'a ce take bayyana su, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya ce ra'ayin masu ƙarfi na wani gari shi ne yake mai da mummuna kyakkyawa. Malikiyya kuwa, waɗanda suka ba al'ada matsayi babba, har Imam Ƙarafi ya yi bayani cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, sun taƙaita wannan ga abubuwa irin su lafuzzan ciniki da gwargwadon ciyarwa, ba su shigar da cin zalin mai rauni a ciki ba. Misalin da ya fi kusa da batunmu yana cikin Suratun Nur, aya ta 33, inda aka hana tilasta wa kuyangi yin alfasha don neman abin duniya. Imam Muslim ya ruwaito cewa sababin saukarta shi ne Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda yake tilasta wa kuyanginsa, su kuwa suka kai ƙara wurin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abin lura a nan shi ne, sana'ar ta kasance sananniyar al'ada a wancan lokaci, kuma waɗanda suka fara kiranta zalunci ba mutanen wani ƙarni mai zuwa ba ne, kuyangin ne da kansu. Su ma 'yan zamanin ne. Saboda haka idan aka ce mini "zamaninsu ne", abin da nake tambaya shi ne, zamanin wa daga cikinsu, na mai karɓar kuɗin ko na wadda ake karɓa a kanta? Sau da yawa abin da ya iso gare mu da sunan ra'ayin zamani muryar mai gida ce kawai, domin shi ne yake da marubuci da maroƙi.

Adabin wasu ƙasashe ya riga namu fuskantar wannan. Hausawa da yawa sun san Umrao Jan ta fim ɗin Indiya na 1981 wanda Rekha ta fito a cikinsa, asalinsa kuwa littafi ne da Mirza Hadi Ruswa ya wallafa da Urdanci a 1899. Gidan Khanum da ke birnin Laknau, inda aka kai Umrao, matattarar waƙa ce da rawa da ladabin zance, har manyan gari sukan je don su ji fasaha, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin wannan ƙawa ba. Amma bai yarda mai karatu ya manta cewa yarinyar sato ta aka yi daga Faizabad aka sayar ba, kuma duk baitin da ta iya rerawa daga baya bai mai da ita gidan ubanta a matsayin 'ya ba. Haka Najib Mahfuz ya yi a labarinsa na lungun Midaƙ, na 1947, inda Hamida take da kwaɗayi da buri nata na kanta, ba a mai da ita tsarkakakkiya ba, amma an nuna ƙarara yadda kawali ya karanci talaucinta ya sayar da ita ga sojan Ingila. Marubutan nan biyu ba su tsaya suna wa'azi ba, kuma ba su janye hukunci ba. Sun bar shi a cikin tsarin labarin, ta hanyar nuna wanda ya ci riba da wanda aka rufe wa hanya.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da gidan Magajiya, kuma daga cikin gidan za a ɗauko shi. Ana duba shekarun yarinyar ranar da ta shigo, da abin da ya koro ta, da wanda yake karɓar kuɗin ɗaki, da bashin zane da na abinci da aka ɗora mata, sa'an nan, wanda ya fi duka, ko tana da ikon ɗaure kayanta ta tafi. Bazawara mai shekara talatin wadda ta yi aure uku ta gaji, ta kama ɗaki da kuɗinta, hukuncin labarinta daban yake da na 'yar shekara goma sha uku wadda aka ɗaura wa aure da sa'an kakanta, ta tsallake danga da dare, ba ta da inda za ta sai inda ba a tambayar asali. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna farkon wannan hanya a Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita dole. Ba tsohon zance ba ne, domin har yau kusan uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, jihar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi yawa.

Wanda yake zaton hujjar al'ada wasan malaman jami'a ce kawai, ya tuna da Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000 a matsayin wahaya, wato baiwar da ubangidanta yake riƙewa kamar matarsa. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai wata kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, kuma da al'ada aka kafa hujja. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta tabbatar cewa bauta ce, ta kuma kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta.

Sai dai akwai wani kuskure a ɗaya gefen wanda ya fi yawa a littattafanmu da finafinanmu, shi ne a yarda a yi hukunci amma a sauke shi duka a kan matar, a ƙare labarinta da ciwo ko hauka ko mutuwar wulaƙanci, alhali uban da ya karɓi sadaki, da alhajin da yake zuwa da dare, da kawalin da yake cin la'ada, duk sun fita daga littafin da rigunansu farare. Wannan ya saɓa wa ruhin ayar da muka ambata, wadda ta ɗora laifi a kan mai tilastawa ta yi wa wadda aka tilasta albishir da gafara, ya kuma saɓa wa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na karuwar da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Irin wannan karkataccen hukunci ba ya tsayawa a takarda. A watan Nuwamba na 2000, bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a mata da yawa sun tsallako iyaka, sa'an nan bikin nuna tufafi na FIMA ya ta da ƙura a Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi sun afka wa mashaya da ɗakunan mata masu zaman kansu, sun kuma sa wa gidan Iya wuta. Matan ne suka rasa ɗakunansu da 'yan kayansu a ranar, mazan da suke biyan kuɗin ɗakunan kuwa ba wanda ya je ƙofar gidajensu.