Yadda Aka Yankar wa Bas Layinta: Daga Kuritiba Zuwa Legas

Mu masu aikin tsara sufurin birni, in aka tambaye mu asalin bas mai layin kanta, wadda ake kira BRT, Kuritiba muke nunawa, wani birni a kudancin Brazil. Magajin garin, Jaime Lerner, mai zanen gine-gine ne, kuma aljihun birnin bai kai na jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. A 1974 sai aka yanki tsakiyar manyan tituna aka ce nan na bas ne kaɗai. A 1991 aka ƙaro tashoshin gilashi masu siffar bututu: fasinja ya biya tun mota ba ta iso ba, daɓen tasha kuma daidai yake da ƙofar bas, babu hawan matakala. Baƙon aiki zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, ya riƙe agogo ya tsaya a tashar mota ta yau da kullum ya gani. Tsohuwa na laluben mataki, yaron mota na cigiyar canji, direba ya kafe sai kujerar ƙarshe ta cika. A nan mafi yawan lokacin fasinja yake salwanta.

Bogota, babban birnin Kolombiya, ita ta koya mana ɓangaren kuɗi. Kafin a buɗe BRT ɗinta, TransMilenio, a Disambar 2000, zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, abin da direba zai kai gida ya rataya ne a kan yawan mutanen da ya kwasa, don haka tsere ake yi a kan titi ana rige-rigen fasinja. Sabon tsarin ya ce a biya kamfani bisa kilomitar da motarsa ta yi. Masu tsofaffin motoci kuma aka sa suka haɗu suka kafa kamfanoni suka shiga ciki. A ganina wannan ya fi duk kankaren da aka zuba muhimmanci, ko da yake ba shi ake ɗauka a hoto ranar yanke ƙyalle ba.

Legas ta zo da nata salon. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya faro, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, birnin ya zauna hannun motocin haya na molue da danfo. An kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002 da tallafin Bankin Duniya, sannan a Maris 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe layin farko daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. Na san asubancin da aka yi kafin nan: mu tsaya bakin titin Ikorodu da takarda da biro, muna ƙirga motoci da kawunan da ke ciki, hayaƙin molue na shiga ido, 'yan kamasho na yi mana kallon 'yan leƙen asiri. Ba su yi kuskure ba, abincinsu muke aunawa.

Abin da aka gina bai kai na Bogota ba, shi ya sa ma aka laƙaba masa suna BRT-Lite. Layin a gefen titi yake, wani wurin da shingen kankare, wani wurin fenti kawai. Masu son komai ya cika sharaɗi sun yi ta gunaguni. Amma an yi dabara guda: ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ita ce za ta iya kashe aikin cikin mako ɗaya, an sa ta kafa ƙungiyar gama-kai, ta karɓi bashin Ecobank ta sayi bas 100. Wanda ke da bashin banki a wuya ba ya jifan motarsa. Johannesbag ta ɗanɗana ɗaya gefen: da aka buɗe BRT ɗinta, Rea Vaya, a Agustan 2009 ba a gama sasantawa da masu tasi ba, har harbin bas aka yi.

Sai tsaron layin, wanda ba ya ƙarewa. Layin da babu kowa a kai, ga cunkoso a gefe, jaraba ce ga duk mai jiniya. A 2012 Fashola da kansa ya tare wani kanar na soja yana tuƙi a kai. A Delhi ta Indiya kuwa masu motocin gida suka yi ta ƙorafi har aka rushe layin a 2016, shekara takwas da buɗe shi.

Legas dai ta miƙa nata zuwa Ikorodu a 2015, ta buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Darussalam ta shigo a 2016, Dakar kuma a 2024 da motoci masu lantarki.

Yanzu kusan kowace jiha aka sayo bas aka jera a filin wasa sai ka ji an ce BRT ta zo. Mai karatu, in an kawo irin wannan garinku, ka tambaya a nuna maka layin da aka keɓe, a faɗa maka wa zai tsare shi, a kuma gaya maka ko an zauna da 'yan a-daidaita-sahu da 'yan kamasho tukuna.